Mai Dukiya Daban, Mai Juya Ta Daban: Fashin Baƙi Kan Amana a Harkar Zuba Jari

Mutane da yawa a Sakkwato masu zuba jari ne, ko da ba su taɓa ɗaukar kansu a haka ba. Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ake cire kashi 8 cikin 100 na albashinsa duk wata, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, a zuba a asusun fansho, mai zuba jari ne. Haka ɗan kasuwar da ya sayi hannun jarin bankuna a shekarun 2006 da 2007 ya adana takardun a akwati, da iyalin da suka gaji hannun jari a kamfanin siminti na Kalambaina, da wanda ya sayi sukukin gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari da aka tsara bisa ƙa'idar Musulunci, domin gudun kuɗin ruwa. Abin da ya haɗa su shi ne sun miƙa dukiyarsu ga mutanen da ba su taɓa gani ba, waɗanda ke zaune a ofisoshin Legas da Abuja, kuma ba su da hanyar sanin abin da ake yi da ita sai abin da aka ga dama aka rubuto musu.

Daga nan duk matsalar ta samo asali. Mai dukiya daban, mai juya ta daban, kuma mai juyawar ya fi mai ita sanin halin da take ciki nesa ba kusa ba. Idan an yi riba, shi ne zai faɗi adadinta. Idan an yi asara, shi ne zai faɗi dalili, kuma asarar ba ta aljihunsa ba ce. Abin da masana ke kira kyakkyawan tsarin shugabancin kamfani ba wani abu ba ne illa shirin da aka yi domin kada a bar mutum ɗaya shi kaɗai da dukiyar jama'a, komai nagartarsa: wa ke yanke shawara, wa ke duba shi, wa ke riƙe da kuɗin, wa ke tabbatar da lissafin, kuma wa ke da ikon cewa a'a.

Na ce komai nagartarsa domin a nan muke yawan yin kuskure. Mun saba auna wanda za mu ba amana da gidan da ya fito, da sahun da yake tsayawa a masallaci, da shaidar da mutanen unguwa suka yi masa, kuma waɗannan ma'aunai ne masu daraja. Sai dai yawancin ɓarnar da ake yi a harkar zuba jari ba ɓarawon da ya fito da niyyar sata ke fara ta ba. Mutumin kirki ne ke fara ta, a ranar da maslaharsa ta ci karo da maslahar wanda ya ba shi amana, babu mai kallonsa, kuma zai iya samo wa kansa uzurin da zai gamsar da zuciyarsa. Duk wanda ya taɓa sayen dabba a kasuwar Kara ya san dillalin da ke karɓar la'ada a wurin mai saye da mai sayarwa a ciniki ɗaya, ya kuma san cewa irin wannan dillali ba sai ya yi ƙarya ba kafin ya cuci ɗayansu, shirunsa kawai ya isa. To, kasuwar hannayen jari cike take da irin wannan matsayi.

Dillalin hannun jari yana samun la'ada ne a kan kowane saye da kowane sayarwa, saboda haka yana da amfani a cikin yawan juya asusun mai hulɗa da shi, ko da zama wuri ɗaya ya fi alheri ga mai asusun. Kamfanin sarrafa jari da ke ƙarƙashin wani banki yana iya fuskantar matsin lamba ya sayi takardun bashin da bankin ke tallatawa, ba don sun fi kyau ba, sai don 'yan gida ne ke sayarwa. Ma'aikacin da ya san cewa kamfaninsu zai sayi hannun jari mai yawa gobe, abin da zai ɗaga farashi, yana iya riga su saye yau da sunan ƙaninsa. Daraktan da ya ga sakamakon ƙarshen shekara kafin a bayyana shi ga jama'a yana iya sayar da nasa kason tun kafin mummunan labari ya fita. A dukkan waɗannan misalai babu wanda ya fasa akwati, amma an ci dukiyar wani ta hanyar sanin abin da bai sani ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan ƙofa, shi ya sa aka hana tarbar fatake a bayan gari a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa, aka kuma hana najashi, wato ƙara wa kaya kuɗi ba da nufin saye ba sai don a ruɗi wani ya saya da tsada.

Najashi na zamani shi ne abin da ya faru a Najeriya kafin rushewar kasuwa a 2008, kuma ya kamata a tsaya a kansa, domin har yau akwai gidaje a garin nan da ba su sake yarda da hannun jari ba saboda shi. A 2004 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Charles Soludo, ya umarci bankuna su ɗaga jarinsu daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, abin da ya rage yawansu daga 89 zuwa 25 a ƙarshen 2005. Bankunan suka fito neman kuɗi a wurin jama'a, suka yi ta tallar hannun jari a rediyo da jaridu da rassansu, farashi ya yi ta hawa, har darajar kasuwar ta kai kusan naira tiriliyan 12.6 a watan Maris na 2008. Abin da ƙaramin mai saye bai sani ba shi ne, wani ɓangare na wannan hawan ba daga ƙarfin kamfanonin ya zo ba. Bankuna suna ba dillalai da 'yan kasuwa rance domin su sayi hannun jari, wani lokaci ma hannun jarin bankin da ya ba da rancen, su kuma jinginar da hannun jarin a matsayin jingina. Muddin farashi na hawa, kowa na ganin kansa mai riba. Da ya fara sauka, sai jinginar ta rasa daraja, masu bashi suka kasa biya, aka shiga rige-rigen sayarwa, kuma cikin shekara guda ma'aunin kasuwar ya zube da kusan kashi 70 cikin 100.

A ranar 14 ga Agusta, 2009, sabon gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, wato Intercontinental da Oceanic da Union da Afribank da Finbank, ya zuba musu naira biliyan 420, daga baya aka ƙara wasu bankunan har kuɗin ceton ya kai biliyan 620. A 2010 aka kafa hukumar AMCON domin ta saye munanan basussukan. A wata lacca da ya gabatar a Jami'ar Bayero ta Kano a farkon 2010, Sanusi ya bayyana cewa an yi amfani da kuɗin masu ajiya wajen sayen hannun jarin bankunan da kansu domin ɗaga farashi, an kuma kafa ƙananan kamfanoni na boge ana ba kai rance ta hannunsu. Abin tambaya a nan shi ne: ina hukumomin daraktocin waɗannan bankuna suke? Kowane ɗaya yana da su, kuma cike suke da manyan mutane masu suna. Wasu an ɓoye musu gaskiya, wasu su ma suna cikin masu cin bashin, wasu kuma ba su da ilimin da za su gane abin da aka ajiye a gabansu. Tsarin yana nan a takarda, amma bai hana komai ba, domin mutum ɗaya ya fi ƙarfin duk waɗanda aka ɗora su duba shi.

Dokokin da aka yi bayan nan suna ƙoƙarin rage wannan ƙarfi ne. Dokar kamfanoni ta 2020 ta hana mutum ɗaya ya haɗa kujerar shugaban hukumar daraktoci da ta babban jami'in gudanarwa a kamfanin da jama'a ke da hannun jari a cikinsa, ta hana mutum zama darakta a irin waɗannan kamfanoni fiye da biyar, ta kuma wajabta sanya daraktoci masu zaman kansu, waɗanda ba ma'aikatan kamfanin ba ne kuma ba su da wata harka da shi da za ta ɗaure musu baki. Kundin ƙa'idojin shugabancin kamfanoni na 2018, wanda majalisar kula da rahoton kuɗi ta ƙasa ta fitar, ya ƙara da cewa kada darakta mai zaman kansa ya wuce wa'adi uku na shekara uku-uku, kada kamfanin binciken kuɗi ɗaya ya wuce shekara 10 a jere yana duba littattafan kamfani ɗaya, kuma kada babban jami'in gudanarwa ya sauka yau ya hau kujerar shugaban hukuma gobe. Hikimar duk waɗannan iyakoki ɗaya ce: daɗewa tana haifar da sabo, sabo kuma yana haifar da jin nauyi.

Jin nauyin nan shi ne, a ganina, babban abin da doka ba ta iya kaiwa gare shi, kuma ya fi shafarmu fiye da yadda muke so mu yarda. An tarbiyyantar da mu a kan kara da alkunya, da rashin musa wa babba a bainar jama'a, kuma al'umma ba ta zaunuwa sai da waɗannan ɗabi'u. Amma daraktan da aka naɗa saboda abokin mai kamfani ne tun makaranta, ko surukinsa, ko wanda ya taɓa yi masa alheri, zai cika duk sharuɗɗan doka na zama mai zaman kansa, alhali bakinsa a ɗaure yake. Idan aka kawo maganar ba kamfanin ɗan shugaba kwangila, ko ba wani darakta rance ba tare da jingina ba, zai ji kunyar tambaya, ya bar ta ta wuce. Karar da ya yi wa mutum ɗaya da ke zaune a gabansa, ya yi ta ne da dukiyar dubban mutanen da ba sa ɗakin, kuma babu wanda ya ba shi izinin yin kyauta da haƙƙinsu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, kuma muminai aka yi wa umarnin a tsakaninsu. Saboda haka neman takarda da neman hujja ba zargi ba ne, ba kuma cin fuska ba.

Masu binciken kuɗi na waje su ma suna cikin irin wannan tsaka mai wuya, domin kamfanin da suke bincika shi ke biyansu. A 2006 aka gano cewa kamfanin Cadbury na Najeriya ya kumbura lissafinsa da kusan naira biliyan 13 a cikin shekarun da suka gabata, kuma duk waɗannan shekarun an sa hannu a rahotanninsa cewa suna nan daidai. Hukumar kula da hannayen jari, SEC, ta ci tarar kamfanin da masu bincikensa a 2008, ta kuma haramta wa wasu shugabanninsa sake riƙe muƙamin darakta. A Amurka irin wannan ne ya rusa kamfanin Enron a 2001, ya tafi da masu bincikensa Arthur Andersen, waɗanda a lokacin suna cikin manyan kamfanonin bincike biyar na duniya.

Akwai wani shiri guda da na fi ganin amfaninsa a kan sauran, wato raba mai juya dukiya da mai ajiye ta. Dokar gyaran fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta gina tsarinta a kan haka: kamfanin da ke yanke shawarar inda za a zuba kuɗin fansho ba ya riƙe da kuɗin, wani kamfani ne daban mai lasisin ajiya ke riƙe da su, hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, kuma tana duba su biyun. Idan ɗaya ya so karkatar da kuɗi, sai ya sami haɗin bakin ɗayan, kuma haɗa baki ya fi yin abu kai kaɗai wuya da saurin tonuwa. Da wannan tsari dukiyar fansho ta ƙasa ta haura naira tiriliyan 20 a 2024. Akasin haka shi ne labarin Bernard Madoff a Amurka, wanda asirinsa ya tonu a Disambar 2008. Shi ne mai ba da shawara, shi ne dillali, shi ne mai ajiya, ƙaramin ofishi ne da ba a san shi ba ke duba littattafansa, kuma takardun da yake aika wa masu hulɗa da shi suna nuna dukiyar da ta kai kusan dala biliyan 65, mafi yawanta babu ita. Tsohon shugaban kasuwar hannayen jari ta Nasdaq ne, mai taimaka wa ƙungiyoyin agaji, kuma da yawa daga waɗanda ya cuta 'yan al'ummarsa ne da suka yarda da shi don nasu ne. An yanke masa ɗaurin shekara 150.

Irinsa ba su ƙare ba, kuma sun fi kusa da mu. MMM, wata harkar zuba kuɗi ta intanet, ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata kafin ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, kuma hukumar inshorar ajiya, NDIC, ta ƙiyasta cewa 'yan Najeriya kusan miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. A Afrilun 2025 wata irinta mai suna CBEX ta rufe da kuɗin jama'a. Tsakanin waɗannan biyun an yi ƙanana da yawa da ba su kai ga jaridu ba, wasu da sunan noma, wasu da sunan canjin kuɗi, wasu suna yawo a WhatsApp da kalmar halal a goshinsu. Sabuwar dokar zuba jari da aka sa wa hannu a Maris na 2025 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 10 ga masu irin wannan damfara, kuma hakan ci gaba ne. Amma duk ɗalibin da ya karanta babin ƙiradi, wato ba wani jari ya juya a raba riba, a zauren malaminsa yana da ma'aunin da zai gane su da shi tun kafin hukuma ta iso. A mazhabar Malikiyya, ribar ƙiradi kaso ce daga abin da aka samu, kamar rabi ko sulusi, ba adadi ne tsayayye da aka yanke tun farko ba, kuma sharaɗin cewa mai juya kuɗi ya lamunce uwar kuɗi ko da an yi asara yana ɓata ƙiradin. Mai juyawa amintacce ne, ba ya biyan asara sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Saboda haka wanda ya ce a kawo dubu ɗari a karɓi dubu talatin duk wata, kuma uwar kuɗi ba za ta taɓu ba, ya saɓa wa fiƙihu da lissafi a lokaci guda, komai yawan ayoyin da ya ja.

Wannan ya kawo mu ga cibiyoyin kuɗi na Musulunci masu rajista, waɗanda mutanenmu suka fi natsuwa da su tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 da kuma sukukin farko na gwamnatin tarayya na naira biliyan 100 a 2017. Suna da ƙarin mataki na dubawa, wato kwamitin malamai masana a kowace cibiya, da wata majalisar masana a Babban Banki. Wannan alheri ne, sai dai tambayoyin da ake yi wa mai binciken kuɗi su ne ya dace a yi wa kwamitin malamai: wa ya naɗa su, wa ke biyansu, shin suna ganin ainihin cinikin da aka yi ko samfurin takardar yarjejeniya kawai ake nuna musu, kuma idan suka ce wani ciniki bai halatta ba, maganarsu za a bi ko za a nemi wani malamin? Kauce wa kuɗin ruwa bai kare cibiya daga son kai ko ba 'yan uwa rance ko ɓoye asara ba. Hasali ma nauyin da ke kanta ya fi yawa, domin wanda ya zo mata ya sauke wani kaso na taka-tsantsan ɗinsa saboda sunan addini.

Duk waɗannan tsare-tsare suna komawa ne hannun mutum ɗaya a wata rana, galibi ƙaramin ma'aikaci, wanda aka ce ya canza kwanan wata a takarda, ko ya sayar wa tsohuwa jarin da ba ta fahimta ba domin reshe ya cika adadin da aka ɗora masa, ko aka aiko masa da kujerar Umara daga kamfanin da ke neman ya amince da takardunsa. Maganar kyauta an daɗe da yanke ta. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin ma'aikacin zakka da ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi (SAW) ya tambaya me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, a Kitabul Farƙ, ya lissafa karɓar gaisuwa cikin abubuwan da ya soki masu mulkin zamaninsa a kai. Sauran lamuran kuwa, ma'aunin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne bayyanawa: idan ma'aikaci ba zai iya gaya wa mai dukiyar, ido da ido, nawa shi kansa zai samu a wannan shawarar da yake ba shi ba, to akwai abin da ya kamata ya tsaya ya duba. Sai dai ba adalci ba ne a ɗora wa ƙaramin ma'aikaci dukkan nauyin, alhali kamfanin yana ba da lada ne a kan yawan abin da aka sayar kawai, yana kuma korar wanda ya yi magana. Hukumar daraktocin da ke son gaskiya za ta duba yadda take biyan ma'aikatanta, ta kuma buɗe hanyar kai ƙorafi da ba ta bi ta teburin wanda ake ƙorafi a kansa ba.

Mu masu ƙananan hannayen jari ma muna da kason da muka bari. Doka ta ba masu hannun jari kujeru uku daga cikin biyar a kwamitin binciken kuɗi na kamfani, kuma kowane mai hannun jari yana da ikon gabatar da sunan wani kwana 21 kafin babban taron shekara. Haɗewar kamfanoni, irin wadda ta mayar da kamfanin siminti na Sakkwato, da aka kafa a 1962, wani ɓangare na BUA Cement da ya shiga kasuwa a Janairun 2020, ba ta yiwuwa sai da ƙuri'ar masu hannun jari a taron da kotu ta ba da umarnin a yi. A da nisan Legas uzuri ne, amma tun 2023 doka ta ba kamfanoni damar yin babban taronsu ta intanet. Hukumar SEC tana da ofishi a Kano, tana kuma wallafa sunayen kamfanonin da ta yi wa rajista, wanda ya kamata a duba kafin a ba kowa ko sisi.

Akwai kuma ribar hannun jarin da ba a karɓa ba, wadda SEC ta ce ta kai kusan naira biliyan 190 a 2023. Wani kaso nata na mamata ne da magadansu ba su san da jarin ba, ko sun sani amma takardun suna akwati, sunan da ke kansu bai dace da na banki ba. Dokar kuɗi ta 2020 ta ce ribar da ta shekara 6 ba a karɓa ba za a mayar da ita wani asusun amana na gwamnati, mai ita kuma yana iya nemanta a kowane lokaci. Hanyar karɓa ita ce a cike takardar biyan riba kai tsaye ta banki a wurin magatakardan da ke riƙe da rajistar masu hannun jarin kamfanin, idan kuma mai jarin ya rasu, a haɗa da takardar kotu da ke nuna wanda aka wakilta a kan dukiyarsa. Masu rabon gado a gidajenmu sukan lissafa gida da gona da dabbobi su manta da waɗannan takardu, alhali a cikinsu akwai haƙƙin marayu da zawarawa da ya kamata ya shiga lissafi tun ranar da aka zauna rabo.